Ƙyallayen Matan Bomo Sun Je Akara Sun Dawo

Tun ranar da na sauka a tashar Kwangila da kular ƙanƙara a hannu ba a bar ni na huta ba. A coci tambaya, a wurin aiki tambaya, har mai sayar mini da tumatir a kasuwar Samaru sai da ta rage murya ta ce, "Anti Hannatu, wai da gaske ne bayan gidan mutane kika kai ƙasar waje?" Bakina ya gaji. Ga shi nan na rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambayata takarda zan miƙa masa.

Ni ma'aikaciya ce a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a a nan Samaru, ina kuma haɗawa da karatun digiri na biyu. Abin da nake nazari shi ne ƙananan halittun da ke zaune a hanjin mutum, waɗanda ido ba ya gani. Ba duka ne masu sa cuta ba, da yawansu su ke taya mu narkar da tuwo da miyar kuka. Matsalar ita ce yawancinsu ba sa yarda a rene su a faranti, da sun sha iska sun mutu. Dabarar da ta rage sai a karanta rubutun gadonsu, abin da ake kira DNA, don kowane iri da nasa rubutun. Mu kuwa ba mu da na'urar karantawa, wutar lantarki ma sai ta ga dama. Malamina ya yi ta zarya shagon intanet yana aika wasiƙu, har wata cibiyar bincike a Akara ta ƙasar Gana ta ce in zo da abin da zan gwada in yi mako shida.

To, hanjin mutum ba a leƙa shi. Abin da ya fito daga ciki shi ake gwadawa, kun dai gane. Na zaɓi matan ƙauyen Bomo saboda abin da suka noma shi suke ci, kuma ba su cika shan maganin kanti ba. Ranar Lahadi bayan an tashi sujada na tsaya gaban zumuntar matan cocin ƙauyen na yi bayani, har da zane a allo. Na gama. Sai wata tsohuwa, Goggo Laraba, wadda duk Bomo an san bakinta, ta gyara ɗaurin kallabi.

"Ke 'yar nan, gashin kaina in na tsefe binne shi nake yi. Farcena ba na barinsa a ƙasa. Shi ne za ki ce in ba ki wannan abu ki kai wa mutanen da ban san iyayensu ba? In suka yi mini asiri fa, ke za ki kwance?"

Raina ya ɓaci. Kalmar jahilci ta zo har bakin leɓena, Allah ya taimake ni Mama Saratu ta riga ni. Ita ce uwar zumunta, shekara ashirin tana riƙe da matan nan, kuma aminiyar marigayiya mahaifiyata ce. Ta miƙe da ƙyar saboda ciwon gwiwa ta ce, "Yarinyar nan a bayana ta yi barci, ba za ta cuce mu ba. Amma Laraba ta yi gaskiya. Ba za a rubuta sunan kowa ba. Kowace ta yago bakin zanenta na gida, mu raba biyu: rabi a ɗaure a wuyan kwalbarta, rabi a ɗinke a littafin Hannatu. In an gama gwaji, abin da ya rage ya dawo, kowace ta karɓi nata da hannunta. In ko ɗaya ta ɓata, ni Saratu na sauka daga kujerar nan, ba kuma zan sake tsayawa gabanku in buɗe baki ba."

Goggo Laraba ta ce, "Mun ji. Ki fara neman wadda za ta gaje ki."

Mata talatin da ɗaya suka bayar, har da ita Goggon, wai don ta ga ƙarshen wasan. Ni kuwa a zuciyata dariya nake yi. Na ɗinka ƙyallayen a littafi, kowane kusa da lambarsa, don dai in faranta wa Mama rai. Aikin gaske a ganina shi ne farar takarda mai gam da na manna a jikin kowace 'yar kwalbar roba, na rubuta lamba da biro tsaf-tsaf, irin na masu ilmi.

Sharaɗin tafiyar ɗaya ne: kada kayan su yi ɗumi. Na sayi kula irin ta kai abinci gidan biki, na nufi Sabon Gari wurin Mama Chinedu mai sayar da ƙanƙara. Ta jera mini ƙanƙarar, ta cika ko'ina da garin katako, ta naɗe kular da buhun algarara. Da Hausarta mai ɗan karkata ta ce, "Ƙanƙara ba ya son iska, ka ji? No open am, kar ka buɗe. Wannan buhu shi ne mijinsa." Na yi godiya ina kallon buhun nan mai datti ina taɓe baki.

Da asuba muka tashi a doguwar bas ta Legas. Yaran mota suka ce a sa kula a but, na ce sai dai a sa ni tare da ita. Na dasa ta tsakanin ƙafafuna. Kusa da ni wata ƙatuwar mace ce mai haƙorin Makka, Hajiya Uwani daga Tudun Wada, 'yar kasuwar atamfa da ke zirga-zirga har Kwatano da Lome da Akara. Tun kafin Kaduna take satar kallon kular. Da muka tsaya a Jebba ta sayo soyayyen kifi, ta miƙo mini rabi ta ce, "To ƙanwata, na fito da nawa. Ke me aka dafo mana ne kike ta gadi kamar kaza a kan ƙwai?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na gaya mata. Hajiya ta janye ƙafafunta, ta tattare bakin mayafi, ta ce, "Innalillahi! Boko babu abin da ba zai sa mutum ba." Ta kau da kai wajen taga. Can wajen Ilori ta zungure ni, wai in sake ba ta labarin tsohuwar da ta sa kujerarta a kan maganar. Na nuna mata littafin ƙyallaye. Ta shafa su ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa ta ce, "Wannan tsohuwa ta san duniya. Daga yau har Akara kina hannuna."

A Agege muka kwana, gidan wata 'yar'uwarta. Da safe na sami sabuwar ƙanƙara, a nan kuma na tafka wautar da har yau in na tuna nake jin kunya. Na dubi buhun Mama Chinedu da jiƙaƙƙen garin katako, na ce haba, ni da takardun jami'a zan shiga ƙasar mutane da wannan ƙazanta? Na zubar da su a bola, na goge kulata tana ƙyalli. Girman kai rawanin tsiya, amma ranar ni gani nake wayewa ce.

A iyakar Seme muka sha layi, rana kuwa kamar ta sauko ƙasa. Aka duba fasfo, aka duba katin allura, aka zo kan kaya. Wani jami'i ya nuna kula da sanda ya ce a buɗe. Na miƙa masa takardun izini, ya ce ido ya fi takarda. Na buɗe. Ya leƙa ya ga 'yan kwalabe da ɗaurin ƙyalle kala-kala kamar 'yan mata za su biki, ya ɗauki ɗaya yana jujjuyawa. Hajiya ta matso ta raɗa masa kalma ɗaya a kunne. Wallahi ban taɓa ganin mutum ya ajiye abu a hankali haka ba. Ya buga hatimi da sauri, muna tafiya yana ta goge yatsunsa a wando.

Kwatano gari ne na babura. 'Yan acaɓansu duk da riga rawaya, mata kuma da zanensu da ɗankwali suna tuƙa nasu babur, wata har da goyo. A Samaru da an fito kallo. Man fetur a manyan kwalabe a bakin titi kamar man gyaɗa. Burodinsu dogo ne mai tauri, ka doki ɓarawo da shi ya ji a jikinsa, amma cikinsa laushi. Na gaishe da mai burodin da Turanci ta dube ni kamar na zage ta, ashe Faransanci suke ji, na ce "sannu" sai ga haƙora waje.

Da la'asar muka isa masauki a zangon Hausawa. Na ɗaga kula zan shiga da ita, na ji ruwa ya yi ɓulum a ciki. Na sa safar hannu na buɗe. Ƙanƙara saura 'yan guntaye, ruwan dai da sanyinsa, amma fararen takarduna duk sun saki, suna yawo a sama, biron ya wanke tas. Kwalba talatin da ɗaya, ba wadda ke da lamba. Ba zan san ta wace ce ba, balle in ce ga abin da na samu a cikin wance, balle in mayar wa kowace nata. Na zauna daɓas a ƙasa na fashe da kuka. Fuskar Mama Saratu kawai nake gani tana miƙewa da ciwon gwiwa.

Hajiya ta tsaya a kaina da hannu a ƙugu. "Ke, rufe mana baki, ba mutuwa aka yi ba. Ina littafin nan na tsohuwa?"

Sai a lokacin hankalina ya dawo. Ƙyallayen suna nan a wuyan kwalabe, ɗaurin matan ƙauye, ko ɗaya bai kwance ba. Hajiya ta aika aka samo ƙanƙara wurin masu kifi, muka shimfiɗa leda a inuwa. Ina ɗagowa da safa, tana riƙe da littafi daga nesa tana toshe hanci duk da ba abin da ke wari. "Ja mai tauraro, lamba tara. Shuɗi mai tsuntsu, sha huɗu." Haka har saura biyu, duka kore masu ganyen rogo, iri ɗaya sak. Na ce shi ke nan, an zo wurin.

"Juya mini bayansu," in ji Hajiya. Ta ƙura ido. "Wannan ta waje ce, rininta ya ratsa gaba da baya. Waccan kwaikwayo ce, dubi bayanta fari-fari. Shekara talatin ina wannan sana'a. Da ba don inda suka kwana ba, da harshe ma zan bambance miki su." Muka duba littafi, haka ne kuwa: ta waje lamba uku, kwaikwayo lamba ashirin da biyu. Na rungume ta da safar a hannuna, ta yi ihu ta ture ni. Kafin magariba na nemo buhu da garin katako wurin wani kafinta, ban kuma sake taɓe baki ba.

Lome da iyakar Aflawo ba su ba mu wahala ba, don Hajiya kowa ya san ta. A Akara ta sauke ni a unguwar Nima, gidan ƙanwarta Hajiya Mariya, ta wuce harkarta. Mutanen gidan Musulmi ne, amma Lahadin farko Hajiya Mariya da kanta ta raka ni har ƙofar coci ta ce in sa ta a addu'a. Da safe koko da ƙosai, ka rantse a Tudun Wada kake. Da rana shinkafa da wake da aka dafa da karan dafi ta yi ja, a zuba mata wani baƙin yaji mai kifi. Ranar farko na ɗiba kamar miya, na yini ina hawaye. Wani tuwon masara mai tsami da suke naɗewa a ɓawo kuwa, mako biyu muna gaba da shi kafin mu shirya.

Mutanen Gana akwai ladabi har ya yi yawa. Mai sayar da ruwa ma sai ta roƙe ka kafin ta ba ka amsa. In maza suka gaisa sai sun ƙyasta yatsu ya yi ƙara. Abin da ya fi ɗaure mini kai jana'iza: gawa ta yi wata da watanni a firiza, a buga hotuna a bango, ranar Asabar a sha baƙi da ja a yi ta kiɗa. Na ce wa Hajiya Mariya mu a gida ko mu Kirista ba ma kai haka. Ta ce, "Su ma in suka ji ana binne mutum kafin la'asar cewa suke ba a son shi."

Ɗakin gwajin kuwa, sai wanda ya gani. Wuta ba ta ƙiftawa, firiza tana huci kamar ta ƙone hannu don sanyi. Shugabar wurin Dokta Akosuwa ce, mace mai ƙaramin jiki da ba ta dariya. Wanda ya koya mini aiki Mista Mensa, dattijo mai furfura. Da na buɗe kula ma'aikata suka taru suna dariyar ƙyallaye. Na ba su labarin Kwatano, dariyar ta tsaya. Mista Mensa ya ba ni alƙalamin da ruwa ba ya wankewa, amma ya ce kada in kwance ko ɗaya.

Daga kowace kwalba ɗan mitsitsi muke ɗiba, bai kai ƙwayar dawa ba. A wanke, a tace, a juya a na'ura har a fitar da rubutun gadon. Fargabata ita ce ko zafin hanya ya lalata shi. Hanyar ganewa, a zuba a wani farantin abu mai kama da kamu da ya daskare, a sa masa wuta, a haska da wata fitila a ɗaki mai duhu. In aiki ya yi, sai a ga layi yana haske. Mista Mensa ya kunna. Na ƙirga da yatsa: talatin da ɗaya, reras, ba gurbi. Na kurma "Halleluya!" har Dokta ta fito daga ofis a guje ta zaci gobara ce.

Makonnin da suka biyo na'ura ta yi ta karanta haruffa, kwamfuta tana gwada su da na sauran duniya tana fito da sunaye. Cikin matan Bomo kasuwa ce guda, iri-iri, musamman masu cin dusa da ganye. Wasu kuwa kwamfuta ta duba ta duba ta ce ba ta da mai kama da su sosai. Lamba uku ta fi kowa tara irin waɗannan baƙin. Na san mai koren zane na waje, na yi dariya ni kaɗai.

Saura kwana huɗu in taho na ce a ba ni ragowar kayana. Dokta ta ce babu wannan magana. Dokar wurin, abin da ya fito daga jikin mutum in ya shiga ba ya fita: ko a adana a firiza, ko a ƙone. Na yi bayani, ta ce ta ji, amma doka doka ce. Nan fa halina ya motsa. Na ce, "Dokta, ba kayana ba ne, amana na ɗauko. Ku riƙe sakamakon in kuna so, ku riƙe digirin ma, amma kwalaben nan ƙafata ƙafarsu." Ta ce in fita in huce. Kwana biyu ko koko ba ya wuce mini.

Rana ta uku Mista Mensa ya shiga ofishinta, ya ja ni muka shiga tare. Ya yi mata magana da yarensu, a hankali, bai fi jimla uku ba. Dokta ta cire tabarau. Daga baya ya gaya mini tambayarta ya yi ina aka binne cibiyarta, ko ba gindin kwakwar gidan kakarta ba ne, kuma me ya sa har yau ta hana a sare bishiyar. Ta juyo ta ce mini, "Da wannan sharaɗi suka bayar?" Na ce da shi. Ta ce, "To shi ya riga dokata." Aka sassauta murafe, aka turara kwalaben a tukunyar tururi kamar alala har duk abin da ke da rai a ciki ya mutu, aka ɗaure, ta rubuta mini takarda da hannunta. Ƙyallayen sun ɗan koɗe, amma kowane ana gane shi.

Dawowa ba ƙanƙara ba fargaba, har barci na yi a mota da ƙafata kan kula. Lahadin farko na nufi Bomo. Ban taɓa ganin zumunta ta cika haka ba, har da waɗanda ba su bayar ba sun zo kallo. Mama Saratu tana zaune a kujerarta ta rame, ashe tun tafiyata ake yi mata habaici a bakin rijiya. Ta dube ni. Na ajiye kula a gabanta na buɗe.

Ba a kira sunan kowa ba. Kowace ta zo ta leƙa, ta gane zanenta, ta ɗauka ta ƙulle a haɓar zane. Mama tana ƙirgawa da ƙarfi. Ashirin da tara. Talatin. Saura ɗaya a gindin kula, kore mai ganyen rogo. Goggo Laraba ta taso ba gaggawa, ta ɗaga kwalbar, ta juya bayan ƙyallen ta duba, ta gwada da rabin da ke littafina.

"Nawa ne," ta ce.

Guɗa ta tashi, aka buga tulu da caki, Mama Saratu ta miƙe ba ta ko tuna da gwiwa ba, hawaye na zuba tana rawa. Da aka lafa Goggo ta kama hannuna ta ce, "To me kika gani a cikin nawa?" Na ce, "Goggo, cikinki akwai baƙin da ko kwamfutar Turawa ba ta san sunansu ba." Ta ce, "Yo dama. Wa ya gaya musu ana sanin cikina?"

Ta juya wurin Mama Saratu ta ɗan rusuna, abin da aka ce ba ta taɓa yi wa kowa ba, ta ce, "Saratu, zauna a kujerarki." Sannan ta kama bakin zanenta na coci, sabo fil, ta sa haƙori ta yage shi ƙiii, ta raba biyu ta danƙa mini a tafin hannu.

"Ajiye. In za ki koma, ki fara zuwa gidana."